Llandudno da yara uku da Hajiya: ki duba ruwa da iska kafin ki tsara yini

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a Manchester, ni da maigida da yara uku, mai shekara 11, mai 7, da auta mai 3. Surukata ta zo mana daga Katsina za ta yi wata biyu, gwiwa tana damunta, kuma ba ta taɓa ganin teku ba. Muna so mu kai su bakin ruwa a hutun Agusta. Abokan aikina sun ce mu je Llandudno a Wales. Ya dace da irinmu? Kwana nawa za mu yi, a ina za mu sauka, kuma yaya batun abinci da sallah?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki gaida Hajiya da gajiyar hanya, Allah ya ƙara mata lafiya. Abokan aikinki ba su ɓatar da ke ba. Na yi shekaru a arewacin Wales ina shirya wa iyalai irin wannan fita, kuma duk sanda aka ce mini akwai dattijuwa mai ciwon gwiwa da ƙaramin yaro a tafiya ɗaya, Llandudno nake fara ambata. Sai dai bari in gyara miki zato tun yanzu. Idan hoton da ke ranki shi ne yashi mai laushi, ruwa mai ɗumi, yara suna iyo har la'asar, ki bar wannan hoton a Manchester. Don tattaki da zama da kallo aka gina garin, kuma masu iko da yininsa su biyu ne, ruwan teku da iska. Da su za ki yi shawara kowace safiya kafin ki ce wa yara ga inda za a je.

Kafin tsakiyar ƙarni na 19 ƙauye ne na masunta da mahaƙa jan ƙarfe. Iyalan Mostyn, masu ƙasar wurin, su suka yanka shi filoti-filoti daga 1849 da niyyar yin garin hutu, jirgin ƙasa ya iso a 1858, ma'aikatan Liverpool da Manchester suka fara tururuwa. Amfanin wannan tarihi gare ki shi ne, da zane aka yi garin, a shimfiɗaɗɗen fili tsakanin duwatsu biyu, Great Orme da Little Orme. Titunan tsakiyar gari ba hawa ba gangara. Dandalin tattaki na bakin ruwa ya kai kusan mil biyu, faffaɗa, mota ba ta hawa kansa, ga kujeru a jere da rumfunan fakewa daga iska. Har yau gidan Mostyn ke riƙe da yawancin filayen, shi ya sa ba a bari an cika gaban teku da shaguna da ɗakunan caca masu kiɗa kamar yadda za ki gani a Blackpool ba. Hajiya za ta yi taku hamsin ta zauna, ta sake hamsin ta zauna, babu mai ture ta.

Bakin ruwa biyu ne a garin, kuma a nan baƙi suka fi yin kuskure. Wanda ke cikin hotuna, mai fararen otal-otal a bayansa, shi ne North Shore. Yawancinsa duwatsu ne, wasu kamar dunƙulen hannu, wasu sun fi. Bayan guguwar hunturun 2013 zuwa 2014 hukumar yankin ta jibge duwatsu kimanin tan 50,000 don kare gari daga ambaliya, kuma har yau mutanen garin ba su daina gardama a kai ba. Ɗan yashin da ya rage yana kusa da doguwar gadar shaƙatawa da ta kutsa cikin teku, shi ma sai ruwa ya janye. Kada ki bari Hajiya ta sauka kan duwatsun nan, murginawa suke yi a ƙarƙashin ƙafa. Yashi na gaske yana West Shore, ɗaya gefen garin, tafiyar minti ashirin da 'yan kai a ƙafa, ko minti biyar a mota. Can babu hayaniya, akwai filin wasan yara, kuma daga nan ake kallon faɗuwar rana ta bayan tsibirin Anglesey da duwatsun Eryri. Idan yara sun nace sai faffaɗan yashi mai sauƙin sauka, Colwyn Bay na nan kusa, kwata ɗaya a mota.

Yanzu batun da na fi so ki riƙe. Ruwan teku yana cika ya janye sau biyu a kwana guda, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. A wannan gaɓar bambancin cika da janyewa yakan haura mita 7 a manyan ranaku, wato ya fi tsayin bene hawa ɗaya. Manyan ranakun kuwa wata ne ke kawo su: kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata, da kuma bayan daren sha huɗu. Hajiya ta fi ku iya lissafin wata, ki tambaye ta nawa ga wata kafin ku fita. A irin ranakun ruwa ya fi yin nisa in ya janye, ya kuma fi sauri in ya juyo.

A West Shore idan ruwa ya janye sai ki ga fili fetal har iya ganinki, yashi yana sheƙi, yara su ruga. Matsalar ita ce filin ba daidai yake ba, tudun yashi ne da kwaruruka a tsakani, saboda nan kogin Conwy yake shiga teku. Ruwa in zai dawo, kwaruruka yake fara cikawa, ta bayanki. Kina kallon gaba kina ganin teku can nesa, ashe hanyar komawa ta riga ta zama rafi. Ni kaina ya taɓa rutsawa da ni da 'ya'yan ƙanwata biyu. Muna tsintar bawon kifin teku, ƙaramar ta ce, Anti, ga ruwa a inda muka ajiye takalma. Kafin mu tsallaka ya kai mini cinya, na saɓa ɗaya a kafaɗa na ja ɗaya, takalman kuwa sai dai labari. Kwarin da muka taka a bushe ne ko rabin awa ba a yi ba. Ba mu kaɗai ba, masu jirgin ceto na garin suna yawan fita kwaso mutane daga tudun nan. Saboda haka kowace safiya ki duba jadawalin ruwa na Llandudno a wayarki, akwai shi a intanet kyauta, ana kuma liƙa shi a bakin ruwa. Ku fita kan yashi lokacin da ruwa yake janyewa, da ya kai ƙarshen janyewarsa ku dawo kusa da gaɓa. Kada ki dogara da cewa akwai mai tsaro a kan kujera yana kallon yaranki. Idan wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, lambar ita ce 999, kalmar da za ki faɗa ita ce coastguard, wato masu ceto a teku.

Ruwan kansa sanyi ne da shi. Ko a Agusta bai cika wuce digiri 15 zuwa 16 ba. Yaran Turawa za su faɗa ciki suna ihu, naki ma za su so, ki bar su su jiƙa ƙafa zuwa gwiwa, tawul da rigar sanyi na hannunki. Kada ki saya musu balan-balan ɗin kwanciya a kan ruwa, iskar da ke busowa daga tudu tana tafiya da shi cikin teku da yaron a kai. Ga auta akwai abin da ya fi teku: wani faffaɗan tafkin wasa marar zurfi a ƙarshen dandalin tattaki ta wajen Craig-y-Don, kyauta ne, ana cika shi a lokacin zafinsu. In sun ga wani abu mai kama da tafasasshen sitaci a kwance kan yashi, halittar teku ce mai harbi, ko ta mutu tana ƙuna, kada su taɓa.

Abin da zai biya ku kuɗin mota shi ne Great Orme, dutsen da ya kutsa cikin teku, tsayinsa mita 207. Hanya uku ake hawansa ba da ƙafa ba. Akwai tsohon tarago da ke aiki tun 1902, wanda igiyar ƙarfe ke ja a kan titin gari, irinsa shi kaɗai ya rage a Birtaniya. Yana tashi daga tashar Victoria a titin Church Walks, ya bi wani lungu mai tsananin hawa har ki ji kamar za ki taɓa tagogin mutane, a tsakiyar hanya a sauka a canja wani. Tagoginsa ba gilashi, kujerun katako ne, matakalar shiga tana da ɗan tsayi, sai maigida ya riƙe Hajiya, keken auta kuma sai an naɗe. Ku je da zarar an buɗe, don in rana ta ɗaga layi yakan yi tsawo. Akwai kuma kwandunan da ke rataye a waya, tun 1969, tafiyar kusan mil ɗaya a sararin sama. Yara manya za su roƙe ki. Da iska ta ɗan yi ƙarfi ake rufe su, saboda haka kada ki yi alkawari da daddare, ki ce sai mun ga gari. Ni dai ba zan sa dattijuwar da ba ta saba ba a cikinsu, ana shiga ne kwandon yana motsi. Ta uku ita ce mota, akwai wurin ajiyewa a can ƙoli. Akwai ma hanyar Marine Drive da ke zagaye dutsen ta gefen teku, mil huɗu, ana biyan kuɗin shiga, kuma ita ce hanyar da Hajiya za ta ga teku sosai tana zaune a kujerarta da bargo.

A saman ko ana rana iska tana kaɗawa kamar ta tsakiyar hunturu a Katsina, sai dai babu ƙura. Mayafi mai santsi ba ya zama, ku sa hijabi mai ɗauri ko ku riƙe fil. Hular maigida in ba ta kama kai ba, aljihu.

Awaki za ku gani, farare masu dogon gashi da manyan ƙahoni, suna kiwo babu makiyayi. Asalinsu na Kashmir ne, daga garken gidan sarautar Ingila a Windsor aka kawo kakanninsu a ƙarshen ƙarni na 19, suka fantsama a dutsen. A watan Maris na 2020, da aka kulle gari saboda korona, su ne suka sauko suka mamaye tituna suna cin shingen gidajen mutane, duniya ta yi ta kallonsu a waya. Na san tambayar da Hajiya za ta yi, don duk dattijuwar da na kai sai ta yi ta: na wane ne, kuma ba a yankawa? Ba na kowa ba ne, ba a yankawa, ba a kuma ba su abinci. Bunsurun yana da wari tun daga nesa. Tumakin da ke can kuwa suna da mai su. A 2016 ƙungiyar National Trust ta ba wani makiyayi hayar gonar da ke saman dutsen a kan fam ɗaya a shekara, da sharaɗin ya yi kiwo yadda tsirran wurin ba za su ɓace ba.

Kusa da tashar tsakiya ta taragon akwai ramin haƙar jan ƙarfe mai kusan shekara 4,000, wanda aka gano a 1987 lokacin da ake shirin gyara wurin. Da ƙashin dabbobi da guduman dutse aka haƙa shi, kuma wasu hanyoyin sun yi ƙunci har masana suna ganin ƙananan yara ne suka haƙa su. Mai 11 da mai 7 za su fito suna ba da labari har a mota. Ana sa hular kwano, ciki da sanyi da laima da matakala, don haka maigida ya shiga da su, ke da Hajiya da auta ku zauna a sama ku sha shayi.

Gadar shaƙatawa da na ambata tun 1877 take, mita 700, babu mai tsawonta a Wales. Shiga kyauta, amma fita da kuɗi a aljihu sai mai taurin kai. Abu biyu zan ce a kanta. Na farko, ɗakunan wasan da ke kanta cike suke da injinan da ake zura musu kwabo biyu-biyu da fatan tsabar da ke baki ta zubo. A dokar ƙasar yara na iya yi, kuma iyaye da yawa ba sa ɗaukarsa komai, amma ki kalle shi da kyau: ka sa kuɗi, ka jira sa'a, ka ƙara. Ku yanke shawara ke da maigida tun a masauki, kada a yi ta a gaban yara da Hajiya a bakin ƙofa. Akwai lilo da majuyi da za su maye gurbinsa. Na biyu, tsuntsayen teku. Shirwar mahauta ba ta kai su rashin kunya ba. Ta baya suke zuwa, ta saman kafaɗa, ki ji fuka ta shafi kunnenki, askirim ya tafi. Yaro suka fi hari saboda yana ɗaga hannu da abinci. Ku ci a ƙarƙashin rumfa ko ku jingina da bango, kada a jefa musu ko ɓawon burodi, kada kuma babban yaron ya ɗauki dutse, doka tana kare su. A bakin gadar akwai wasan 'yar tsana da iyalan Codman ke yi tun 1860, duka da sanda ne daga farko har ƙarshe, wani yaron ya yi dariya wani ya tsorata. Shekarun baya na kai wata Hajiya ta ga ana biyan fam-fam don yaro ya hau jaki taku ashirin a kan yashi, ta yi dariya har da hawaye.

Masauki: ki nemi gidan haya mai kicin, ɗaki biyu ko uku, kada ki kama otal. Otal-otal na gaban teku gine-ginen zamanin Sarauniya Victoria ne, dogaye sirara, da yawa ba su da na'urar hawa bene, masu ita ma sau da yawa sai an taka matakala biyar ko shida daga titi kafin a kai gare ta. Karin kumallonsu kuma, wanda kin riga kin biya a kuɗin ɗaki, rabinsa naman alade ne. Ga kuma abin da ba sai na faɗa miki ba, suruka da ɗanta da matarsa ba sa raba bango mai sirara da banɗaki ɗaya cikin sakewa. Kafin ki biya, ki rubuta wa mai gidan tambaya huɗu: a ƙasa yake ko a sama, matakala nawa ce daga titi, wurin wanka na tsaye ne ko baho ne da sai an ɗaga ƙafa an shiga, kuma akwai wurin ajiye mota. Kada ki yarda da hoto. Na taɓa kama wa wasu iyali gida da aka rubuta yana hawa na farko, na manta cewa a lissafin Birtaniya hawa na farko yana saman na ƙasa. Matakala goma sha bakwai, kakarsu ta ƙirga mini su ɗaya bayan ɗaya. Unguwar Craig-y-Don da ta West Shore sun fi sauƙin kuɗi da wurin mota, kuma duk shimfiɗe suke. Buta ki taho da ita daga gida.

Kwana huɗu ya isa, Litinin zuwa Juma'a, don ya fi ƙarshen mako araha da sarari. Ki kauce wa ƙarshen makon hutun banki na Litinin ɗin ƙarshe ta Agusta, garin cika yake maƙil. Kada kuma araha ta ja ki zuwa satin da aka koma makaranta a Satumba: tun Agustan 2024 tarar fashin makaranta a Ingila fam 80 ce ga kowane mahaifi a kan kowane yaro, ta ninka in ba a biya cikin kwana 21 ba. Bizar Hajiya ta Birtaniya ta wadatar, babu shinge tsakanin Ingila da Wales, kuɗin ma fam ɗin ne.

Nama ki saya tun a Manchester, a Cheetham Hill ko Longsight, ki dafa miyarki, ki daskarar, ki zuba a akwatin sanyi. Manyan kantuna na nan a garin don madara, burodi, shinkafa da kayan lambu, amma kada ki sa rai da mahaucin halal a kowace kwana. Garin tuwo da kuka da yaji da man shanun Hajiya su shiga jaka, domin dattijuwa takan yi haƙuri da abincin Turawa kwana ɗaya, a na biyu ta ce ba ta jin yunwa. Kifi da soyayyen dankali dole ku ci, shi ne abincin bakin teku, amma ki yi tambaya uku a kanta: da wane mai ake suya, ana sa giya a kwaɓin fulawar, kuma a kasko ɗaya ake soya kifin da tsiran alade? Sun saba da tambayar, ba sa jin haushi. Wainar da ake kira Welsh cake wasu da kitsen alade suke yi, wasu da bota, a duba takarda. Alewa mai danƙo ta kan gada galibi da jelatin ake yi.

Sallah ba za ta ba ku wahala ba. Akwai masallaci a Llandudno Junction, minti goma a mota, akwai a Rhyl da Bangor. Alƙibla tana kudu maso gabas. Yini dogo ne: a farkon Agusta rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, zuwa ƙarshen wata ta dawo wajen takwas, saboda haka ki ciyar da yara tun da haske kada ki jira magariba. Daga Manchester tafiyar ta kai mil 80, ta wuce nisan ƙasaru. A mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku cika sallah yake yi idan ya isa, don haka maigida ya lissafa ranar shiga da ta fita, ya tambayi malaminku. Karnuka suna da yawa a dandalin tattaki, kusan kowane tsoho da nasa a igiya, kuma masu su suna ɗauka kowa na son a shinshine shi. Ki gaya wa Hajiya tun kafin ta gani. Daga Mayu zuwa Satumba akwai sassan bakin ruwa da aka hana su shiga, alluna suna nunawa, can za ku shimfiɗa tabarma.

In da mota za ku, M56 ce zuwa A55, sannan A470 ta shigar da ku gari, ƙasa da awa biyu in hanya ta yi kyau. Da kun shiga Wales maigida ya sassauta ƙafa: tun 17 ga Satumban 2023 gudun cikin gari mil 20 ne a awa sai inda allo ya nuna wani abu dabam. Kalmar ARAF da zai gani a rubuce a kan kwalta tana nufin a rage gudu. In jirgin ƙasa ne, daga tashar Piccadilly ta Manchester awa biyu da 'yan mintuna, wani kai tsaye wani sai an canja. Ki kula, Llandudno Junction dabam take da Llandudno, mil uku ne tsakaninsu, kada ku sauke kaya a ta farko kuna neman teku. Katin rangwamen jirgin ƙasa na Family & Friends yana rage kashi ɗaya cikin uku ga manya da kashi 60 cikin ɗari ga yara, auta kuwa kyauta ne tunda bai kai biyar ba.

Akwai dokar da ba na bari iyalinmu su tsallaka ba su sani ba. Tun 21 ga Maris na 2022 duk wani dukan yaro laifi ne a Wales, ko ɗan mari a hannu, ko jan kunne, kuma dokar ta hau kan baƙo kamar yadda ta hau kan ɗan gari. A nan ta sha bamban da Ingila. Mun san hannun kaka ba ya shawara idan jika ya ruga wajen titi. Ke ba za ki iya faɗa mata ba, ɗanta ne zai faɗa mata, cikin raha, tun a gida.

Rana ɗaya ki ware wa garin Conwy, mil huɗu daga nan. Sarki Edward na ɗaya ya gina ƙaton gidan yaƙinsa daga 1283 bayan ya ci Wales da yaƙi, da ganuwar dutse mai tsawon kilomita 1.3 da hasumiya 21, kuma UNESCO ta sa su a jerin kayan tarihin duniya a 1986. Mutumin Katsina ba sai an yi masa bayanin ganuwa da ƙofofi ba, Hajiya za ta gane garin da kallo ɗaya. Hasumiyoyin matakala ce mai murɗewa, na maigida da manyan yara ne. Ku ku gangara bakin kwale-kwale, inda akwai jan gidan da ake ce wa mafi ƙanƙanta a Birtaniya, faɗinsa mita 1.8, wanda wani masunci dogo ya zauna a ciki har 1900. A nan yara ke kamun ƙaguwa da zare da bokiti, su ƙirga su mayar ruwa. Abin da ake sayarwa a matsayin abincin tarko yawanci naman alade ne, ki taho da guntun kifi ko fatar kaza daga masauki, ƙaguwa ba ta zaɓe.

Ruwan sama zai same ku ko sau ɗaya, Wales ce. Lema ba ta aiki a wannan iskar, rigar ruwa mai hula ita ce magana. Ranar da gari ya ɓaci akwai wurin iyo na cikin gini a garin, ko ku hau jirgin kwarin Conwy zuwa Betws-y-Coed ku kalli daji da rafuka ta taga. Gidan namun dajin Colwyn Bay yana da kyau amma a gefen tudu yake, gwiwar Hajiya ba za ta gode miki ba.

Za ki ga kowane allo da harshe biyu, na Wales a sama. A ƙidayar 2021 kusan kashi 18 cikin ɗari na mutanen ƙasar suka ce suna jin harshen, kuma suna kishinsa. Kada yara su ce wa mai shago suna Ingila. Ki koya musu diolch, wato na gode, da bore da, ina kwana. Sunan garin kansa daga wani waliyyin Kirista ne mai suna Tudno na ƙarni na 6, wanda cocinsa ke kan dutsen. Harafin Ll ɗin farko kuwa, ki ɗora harshe inda kike furta la, ki hura iska ta gefen baki ba tare da murya ba, sannan du ɗin tsakiya di ake faɗa.

Ranar da kuka isa, kada ki kai Hajiya cikin cunkoson gada. Ku sauke kaya, ku ci abinci, ki duba jadawalin ruwa, wajen ƙarfe bakwai ku tafi West Shore da filas ɗin shayi. Mota tana tsayawa dab da bakin ruwa, akwai kujeru suna fuskantar yamma. Ki sa mata safa biyu da rigar sanyi a ƙarƙashin mayafi, ki shimfiɗa mata darduma a kan kujerar don katakon yana da sanyi. In ta ce tana so ta taɓa ruwan, akwai gangaren siminti da ake saukar da kwale-kwale, ta nan maigida zai bi da ita, a hankali, ban da inda ya yi kore don santsi gare shi.